Injin dizal na Hayis a cikin Hilux mai fetur, zai zauna kuwa?

Manomin Kura:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masana ku ba ni shawara kafin in saki kuɗina. Ina da Hilux dabul kabin ƙirar 2001 mai ozileri (mai jan tayoyi huɗu), injin fetur 3RZ ne a cikinta, to ya buga min a hanyar gona, bakanikena ya buɗe yace metal ya narke karanshaf ya ci sosai har da fistin ɗaya. Ana cikin haka wani ya min tallan injin dizal 5L Beljiyam da aka ciro daga Hayis, yace har giyabos ɗinsa zai haɗa min da shi. Ni dai aikin motar nan ɗaukar shinkafa ne da taki da tumatir, daga gona zuwa gida daga gida zuwa kasuwa, wani lokacin har Dawanau, kuma wallahi tun da aka cire tallafi a 2023 shan man 3RZ ya ishe ni. Zai zauna a cikinta? Me da me zan canza? Ko kuwa in haƙura in nemo wani 3RZ ɗin?

Direban Hayis:
Wa'alaikumussalam. Alhaji saya kawai kar ka tsaya wata-wata. 5L ai ba inji ba ne ƙarfe ne, ni shi nake tuƙawa Kano zuwa Maiduguri cike da mutane da kaya, ban da bakin mai da filta ba abin da yake nema a wajena.

Oga Bakanike:
Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Zama kam zai zauna, don Toyota da kansu sun yi Hilux irin taka mai wannan injin, duba lambar casis ɗinka za ka ga ta fara da RZN, to 'yar'uwarta mai dizal LN ce, jiki ɗaya ne. Saboda haka maganar wuri ba matsala. Inda mutane suke ruftawa shi ne suna ɗauka inji kawai za a ɗaga a sauke. Injin Hayis a ƙarƙashin kujera yake zaune, an yi masa kayan jiki daidai da wannan ramin, na Hilux kuma a gaba yake ƙarƙashin bonet. Bulo ɗaya ne, tof silinda ɗaya ne, amma kwanon bakin mai na ƙasa da bututun da yake zuƙo man, sandar awon mai, manifol, ƙafafun inji, hanyar tiyon ruwa, duk sai ka duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawa sai an nemo na Hilux an ɗaura. Taka kuma mai ozileri ce, akwai aksil a gaba, in kwanon bai dace ba zai zauna a kan aksil ɗin ko ya dinga dukansa duk ramin da ka faɗa.

Manomin Kura:
To Oga giyabos ɗin fa da yace zai haɗa min?

Oga Bakanike:
Wannan giyabos ɗin ba zai maka aiki ba. Na Hayis ba shi da ozileri, kuma sandar giyarsa ba a kansa take ba, daga gaba ake jawo ta da waya ko ƙarafa tunda direba a saman injin yake zaune. In ka sa shi ka rasa tayoyin gaba kenan, kai kuma mutumin gona ne, damina ɗaya za ta nuna maka. Naka za ka riƙe. Abin da za a canza shi ne ƙoƙon da yake haɗa giya da inji, bel hausin, a nemo na injin L, sannan fulayiwil da kuloc da kik duk na dizal. A irin giyoyin nan ƙoƙon kuncewa yake da noti ba a haɗe aka zuba shi ba, shi ya sa aikin yake yiwuwa. Amma kar ka ƙi karɓar giyabos ɗin in kyauta ne, a gwada ƙoƙonsa a jikin naka, in ya hau kuma hannun kuloc ya faɗo ɓangaren da ya dace ka huta sayen wani.

Injiniya:
Ni kafin a kai ga yadda za a sa, ina so a tsaya a kan dalilin sawa. Alhaji ka san ƙarfin da za ka rasa kuwa? 3RZ lita 2.7 ne, ƙarfin doki 150, ƙarfin juyi Nm 240. 5L lita 3.0 ne amma ba turbo, dokinsa bai kai 100 ba, juyinsa Nm 190 da ɗoriya. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin motarka za ka ajiye a gareji. Mutane suna cewa dizal ya fi ƙarfi, eh dizal na zamani mai turbo, ba wannan ba.

Direban Hayis:
Injiniya wannan lissafin takarda ne. Zo ka loda buhu ashirin ka tsaya a hawa ka saki kuloc ka ga wanne zai mutu a cikinsu. Fetur sai ka taka totur yana ihu kuloc yana wari, 5L kuwa ko ba ka taka ba zai ja.

Injiniya:
Ban musa maka wannan ba Malam, akwai dalilinsa. 5L yana ba da duk ƙarfin juyinsa tun a juyi 2,400 a minti, shi kuwa 3RZ sai ya kai 4,000, ga fulayiwil mai nauyi ga gwamna a cikin famfo da yake ƙara mai da kansa in inji zai mutu, shi ya sa tashi da kaya yake maka daɗi. Amma ka hau titin Zariya da lodi ka zo wuce tirela ka gaya min. A Hayis ka saba da shi haka, shi kuwa Alhaji ya saba da motar da in ya taka take tafiya.

Direban Hayis:
To shi tsere zai je ko gona?

dan_auta:
hhhhh wlh direba ka gama magana. ni dai inaga kawai asa injin dizal 2KD ko 1KZ mai turbo a wuce wajen, meye na wani 5L injin kakanni

Rewaya:
Ƙanina 2KD ba abin wasa ba ne. Komon rel ne, wato dizal na zamani mai aiki da lantarki, sai da burenbos ɗinsa (kwamfutar inji), wayarin ɗinsa gaba ɗaya, fedar totur mai lantarki, in mai imobilaiza ne har makulli da akwatinsa sai sun zo tare, in ɗaya ya ɓata mota ba za ta ko tari ba. Kuma nozul ɗinsa ba ya yafe gurɓataccen mai, guda huɗun nan in suka tafi kuɗinsu kaɗai ya isa ya sa mutum zazzaɓi. Mai shiga ƙauye yana shan man jarka ina shi ina 2KD. 1KZ kuma yana da ƙarfi gaskiya amma kowa ya san halinsa, ya yi zafi sau ɗaya tof silinda ta tsage, ga giyabos ɗinsa daban ne.

Alhaji ɓangarena na wuta ga abin da ke ciki in 5L ne na asali mai famfon hannu. Waya ɗaya ce take tada shi take kashe shi, ta solonoyid ɗin da ke jikin famfo, ka murɗa makulli wuta ta je mai ya wuce, ka kashe ya datse. Sai hita filogi guda huɗu da rile ɗinsu, in an samu taimarsu ta asali a sa, in ba a samu ba a yi maɓalli ka danna ka ƙirga kamar biyar zuwa goma ka saki, amma kar a haɗa su kai tsaye da makulli su zauna a kunne, ƙonewa za su yi. Batir ka ƙara girma da kebur mai kauri don rabon matsin injin nan ya haura 22 bisa 1, na fetur bai kai 10 bisa 1 ba, ƙaramin batir ba zai juya shi da sanyin safiya ba musamman lokacin hunturu. Agogon zafi da fitilar bakin mai za a iya haɗa su, a sa sensa da ta dace da dashbod ɗinka. Agogon juyin inji ne zai kwanta, don na fetur daga wutar filogi yake karatu dizal kuma ba shi da ita, sai dai ka samo dashbod na LN. Kuma kar wani ya yanke maka wayarin ɗin 3RZ ya zubar, a naɗe shi a ajiye.

Oga Bakanike:
Rewaya ka manta babba, birki.

Rewaya:
Na bar maka ne Oga, ɓangarenka ne.

Oga Bakanike:
To Alhaji ka ji wannan da kyau don rai ne a ciki. Sabo na birkinka, wato wannan baƙin tulun da ke bayan masta, da iskar da injin fetur yake zuƙa ta manifol yake aiki. Dizal ba ya yin wannan zuƙar. Shi ya sa injinan L suke da ɗan famfon iska a bayan alteneta, daga nan ake jan tiyo zuwa sabo. In mai injin ya cire alteneta ya sayar daban, ko aka ɗaura maka ta fetur don ta fi araha, mota za ta tashi lafiya lau ka fita titi ka taka birki ka ji shi kamar dutse. An taɓa kawo min wata da aka yi wa haka a wani gareji, yaron da ya tuƙo ta da hambirki ya shigo da ita. Saboda haka in za ka yi ciniki ka ce da alteneta mai famfo, da kik, da famfon sitiyari da burakets ɗinsa, da fanka, kar ka yarda da inji tsirara.

Sai tanki. Naka akwai famfon lantarki a ciki mai turo fetur da ƙarfi, a cire shi a sa bututu kawai, don famfon dizal da kansa yake jawo mansa. A sauke tankin a wanke tas ya bushe. A sa filtar dizal mai famfon hannu a kai da wurin tara ruwa a ƙasa, wannan ba a yin wayo a kanta. Layin dawowar mai ya koma tanki. Lagireto ma na fi so a sa na LN ko a ƙara wa naka layi, injin L ba ya son zafi ko kaɗan. Salansa sabuwa za a haɗa. Gaban motar zai ɗan sauka tunda injin ya fi nauyi, tof silindarsa ma ƙarfe ce ba alminiyom ba irin ta 3RZ, sai a ɗaure toshan ba kaɗan a sake alaimen.

Mai Walda:
Ƙafar inji kuma in an zo nan, dan Allah a bar giyabos a mazauninsa na asali a jawo inji ya same shi, kar a matsar da giya. In ka matsar da giya furofela biyu sun tashi aiki, ɗaya yankewa ɗaya ƙari, ga sandar giya ta bar raminta. In kunnuwan casis ba su yi daidai ba a yanka a sake da farantin ƙarfe mai kauri, kuma a sa robar ƙafa ta dizal, in ba haka ba karkarwa za ta kwance maka duk notin da ke dashbod.

Manomin Kura:
Kai jama'a. Ni fa da aka ce min kwana biyu an gama.

Oga Bakanike:
Kwana biyu in duk kayan suna ƙasa a gabanka. Neman kayan ne aikin.

Hajiya Mai Ruwa:
Sallama. Ni ba bakanikiya ba ce amma ina da motocin rabon ruwan leda, mai fetur da mai dizal duka, kuma ni nake biyan kuɗin mai kullum don haka bari in sa baki. Alhaji ka je gidan mai ka dubi allo tukuna. A Najeriya litar dizal ta fi ta fetur tsada, an daɗe da sakin farashinsa tun kafin a taɓa na fetur. Mai dizal ɗina ta fi jimirin mai ba musu, amma in na buga lissafin wata abin da ya rage ba wani mai yawa ba ne, ga bakin mansa ya fi yawa ga filta biyu. Ka ɗauki biro, kuɗin inji da kayan haɗi da aiki, ka cire kuɗin da za ka kashe in 3RZ za ka mayar, abin da ya saura ka raba da rarar man da kake sa ran samu a wata. In ya haura shekara biyu ni dai ba zan yi ba. Sannan ranar sayarwa, dillali yana buɗe bonet ya ga an yi dashe zai fara rage maka kuɗi.

Injiniya:
Hajiya ta faɗi abin da nake nufi. A ce dizal ya rage maka kashi 25 cikin ɗari na litocin da kake sha, in litarsa ta fi ta fetur tsada da kashi 15 ko 20 to me ya rage? Kuma akwai hanyar da ba a ambata ba, iskar gas ta CNG. Injin fetur shi ne yake karɓarta cikin sauƙi, 3RZ kuwa yana zama da ita lafiya. In ka koma dizal ka rufe wa kanka wannan ƙofar.

Direban Hayis:
CNG a ina zai sha a Kura? Ya baro gona ya shigo birni ya bi layi ya koma? Ga tukunya ta cinye rabin bodi, ina zai sa buhunan?

Injiniya:
Yace yana zuwa Dawanau ai. Kuma ba a cire fetur ɗin, biyu take zama.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan wajenmu wanga aiki ba baƙo ba ne, Hilux da Land Cruiser masu gazwal (dizal) su ne motocin daji, wanda zai tahi Dakwaro ko ya wuce Agadas da kaya ba ya son esansi (fetur). Ba don gazwal ya hi arha ba, nan ma ya hi tsada, da gwamnati ta rage kuɗin mai a Yulin 2024 esansi ya koma 499 gazwal 618 na sefa, duk da matatar SORAZ tana nan Damagaram. Abin da ya sa mu ke son shi, tanki guda ya kai ka nesa, babu buji (filogi) babu bobin (koyil), ruwa ko rairayi ba su kashe shi, kuma in ya lalace cikin daji kowane makanisiyan na ƙauye ya san pompi na 3L da 5L. Amma shawarata Alhaji, kar ka sayi injin Hiyas ka bi kasuwa kana tsintar sauran kaya ɗai-ɗai. Ka nemi gaban Hilux LN da aka yanko, ko wadda ta yi hatsari, komi na ciki, ƙahwahu, karter (kwanon bakin mai), radiyater, bwat (giyabos), har pedal. Mu haka mu ke yi, ya hi sauƙi nesa. Sannan takarda, mu nan kart giriz (takardar mota) tana nuna irin man da mota ke sha, in ka canza ba ka gyara ba jandarma na iya tsai da kai.

Admin:
Maganar takarda gaskiya ce har a nan. Lambar inji tana cikin takardun mota. Alhaji ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shago da lambar wayar mai shi, ka je ofishin lasin a gyara maka, kar sai an tare ka a hanya ko ka zo sayarwa a fara tambayar daga ina inji ya fito. Wanda kuma ya turo tallan maganin basir na goge, nan gidan motoci ne.

Manomin Kura:
Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya lissafinki ya shige ni, amma abin da ya sa har yanzu raina yake kan dizal, ina da injin ban ruwa da tarakta da nake haya duk dizal suke sha, a duro nake saye in ajiye a gona, ga shi damina in na shiga ruwa da 3RZ sai ta fara tari. Na je shagon yanzu na ɗauko hoton injin ta kowane ɓangare, ga su nan na tura.

Rewaya:
Alhaji tsaya. Ƙara matso da hoto na uku, wajen famfo.

Manomin Kura:
Ga shi.

Rewaya:
Wannan ba 5L mai famfon hannu ba ne, 5L-E ne. Dubi famfon, babu hannun da wayar totur take kamawa, soket ne a jikinsa har da wani babba a sama. Wannan burenbos ne yake ba shi umarni, shi yake cewa ga yawan man da za a tura ga lokacin da za a tura. In ka kai shi gida a haka ko ka ba shi wuta ba zai tashi ba. Tambaye shi ina burenbos da wayarin da fedar totur.

Manomin Kura:
Yace babu, haka ya zo masa a kwantena. Wai ai duk ɗaya ne, bakanike zai san yadda zai yi.

dan_auta:
tabdi. duk daya ne wai

Direban Hayis:
To ai ba ƙarya ya yi ba sosai, ana mayar da shi na hannu, tawa ma haka aka yi mata da burenbos ɗin ya ƙone.

Mai Famfo da Nozul:
Ana yi, aikina ne. Ƙasan injin ɗaya ne da 5L, sai a cire famfon lantarkin a ɗaura na hannu. In an samu na 5L shi ne daidai, in na 3L ne lita 2.8 aka yi wa shi sai an hau benci an saita man, kar a ce za a murɗa sukurun a jikin mota da kunne, ka ƙara mai da yawa ta yi ta baƙin hayaƙi tana zafi har tof silinda ta tafi. A duba fayif huɗu na nozul ko sun hau, a duba bawul ɗin da ke bakin manifol a tabbatar a buɗe yake tunda babu mai sarrafa shi yanzu, sannan a yi taimin da agogo ba da ido ba. Kuma ka sani Alhaji famfon nan man da yake turawa shi ne yake shafa masa jiki, ba shi da wani bakin mai nasa. Dizal ɗin da aka sirka da kananzir ko mai ruwa a ciki shi yake cinye shi. Tunda a duro kake ajiya, ka ɗora duron a karkace ka bar shi ya kwanta, kar ka zuƙo daga can ƙasa, kuma ka dinga zubar da ruwan filta. Man 'yan bumburutu in ba dole ba ka bar shi.

Amma famfon hannu mai kyau yanzu ba arha ba ne, kowa shi yake nema. Ka sa kuɗinsa a lissafi ka cire daga kuɗin injin.

Hajiya Mai Ruwa:
Kun ga lissafi ya ƙara tsawo.

Oga Bakanike:
Ya ƙara. Kuma matsalar da ta fi damuna, injin da ba shi da burenbos ba za a iya tada maka shi a ƙasa ka ji ba, kenan za ka saya ne a rufe. Ni ba na sayen dizal ban ji shi ba. In da mai tashi ne, da safe za ka je kafin su ɗumama shi, ka taɓa bulo ka ji sanyi, a tada a gabanka, ka buɗe murfin bakin mai ka ga ko yana huci, a sa tiyo a bokiti a ga ko ruwa yana kumfa. Tunda wannan ba zai tashi ba abin da ya rage shi ne awon matsi, a ɗaura kik a cire hita filogi a sa geji. Littafin Toyota yace lafiyayye 32 kg/cm² ne, in ya sauka ƙasa da 20 ya gama, kuma tsakanin silinda da silinda kar bambanci ya wuce 5. In ya ƙi a auna ka taho abinka. Ko wanne ka saya kuma, kafin ya shiga mota a sa sabon taimin bel da tenshina da famfon ruwa da sil ɗin bayan karanshaf, bel ɗin nan kilomita 100,000 ne wa'adinsa kuma ba wanda ya san nawa ya yi a can, in ya tsinke fistin da bawul ne za su gaisa. 3RZ ɗinka sarƙa ce da shi shi ya sa ba ka saba da wannan ba.

Injiniya:
Ni har yanzu ina kan bakana, 3RZ Beljiyam a sauke a ɗora yini ɗaya, ba walda ba yankan waya, mota tana nan yadda kamfani ya yi ta. Maganar tari a ruwa kuma gyaran wayar filogi ne da koyil, ba dalilin canza inji ba ne.

Ɗan Maraɗi:
Injiniya mutum da gazwal cikin tano (duro) a gonarshi, ka bar shi ya yi abin da ya dace da shi. Ni dai Hiyas ɗin ce ban so, ba gazwal ba.

Direban Hayis:
Yauwa. Ko ya sayar da bodin haka ya cika ya sayi LN gaba ɗaya.

Hajiya Mai Ruwa:
Mota da bugaggen inji nawa za a saya? Yanka za a yi masa. In sayarwa ce ma sai ya tada ta tukuna.

Manomin Kura:
Na yi magana da mai injin, yace awon matsi ba matsala a zo a yi, amma ragin kuɗin famfo ba zai iya ba sai dai ya cire giyabos ɗin daga ciniki. Nace masa zan yi shawara. Oga in ba damuwa gobe ina so mu shiga Ƙofar Ruwa tare mu tambayi gaban LN kamar yadda ɗan'uwa na Maraɗi yace, mu kuma ji kuɗin 3RZ, in babu a nan ina da mai duba min a Panteka ta Kaduna. Shinkafa ta kusa yanka, ba zan iya barin motar a kan dutse har wata guda ba.

Oga Bakanike:
Ba damuwa, bayan azahar ina nan. Ka taho da takardun motar da hoton farantin da ke jikinta mai lambar giya da aksil, don in LN ɗin muka samu ina so in gwada lambar aksil ɗinsu da taka, kar a gama aiki ka hau titi inji yana kuka a giya biyar mota ba ta tafiya. In an samu gaban, a tabbatar na mai ozileri ne ba na mai jan baya kaɗai ba, kwanon mai ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Rewaya:
In kun samu ku ce kar su yanke wayarin, su zare shi da soket ɗinsa har rile na hita. Ku kira ni in zo in zare da kaina ma in sun yarda.

Mai Famfo da Nozul:
Ku turo min hoton famfon kafin ku biya.

dan_auta:
Alhaji in ka fasa gyara 3RZ din ina son burenbos dinsa da tof silinda, nawa zaka bari

Manomin Kura:
Bari mu dawo daga kasuwa tukuna ƙanina, ban san wanne zan riƙe ba.